Manhajar shagon kawu ce ta sama mini aiki

Na gama kwasa-kwasan freeCodeCamp, shafin koyon rubuta manhaja kyauta, na tara satifiket, GitHub ɗina, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, cike da manhajar duba yanayi da ta jerin ayyuka, irin waɗanda kowa ke kwaikwaya. Na yi ta tura takardar neman aiki, shiru. Har yau abin yana yi mini ciwo, don babu malamin YouTube ko ɗaya da ya faɗa mini cewa masu ɗaukar aiki sun ga irin waɗannan har sun gaji.

Kawuna yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, sai na rubuta masa manhajar lissafin kaya da bashi da Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya. A ɗakina lafiya lau take gudu. Ranar da aka fara aiki da ita, kafin azahar ya kira ni: "Ɗan nan, zo ka ɗauki abinka, mun koma littafi." Ashe a cikin layinsu sabis ɗaukewa yake yana dawowa. Yaron shago ya danna, waya ta tsaya tana juyi, ya sake dannawa, ciniki ɗaya ya shiga sau biyu. An rubuta wa wani bashin da bai ci ba.

Na mayar da ajiyar bayanai cikin wayar da SQLite, wani ƙaramin rumbun ajiyar bayanai, in sabis ya dawo a tura. Sai wata matsalar ta ɓullo: yara biyu, kowa da wayarsa, suka cire turmi ɗaya daga lissafi, ragowar kaya ta rikice. Nan na daina ajiye adadin abin da ya rage. Kowane ciniki na ba shi lambarsa da ba ta maimaituwa, ko sau goma aka tura sau ɗaya zai zauna, ragowar kuma daga jerin cinikin ake fitar da ita. Kuɗi ma a kobo nake ƙirga shi, don lissafin lambobi masu ɗigo, irin naira da ɓurɓushin kobo, a kwamfuta yana ɗan zamewa. Wallahi babu kwas ɗin da ya nuna mini ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tun 2023 shirin 3MTT na gwamnatin tarayya yake horar da matasa kan fasahar zamani, kuma ku masu koyo, yawancinku da ayyukan gwaji iri ɗaya za ku fito. Ku nemi mai kyamis ko makarantar Islamiyya ta unguwa, wanda zai kira ku cikin fushi in abu ya lalace, ku rubuta masa manhaja, ku tsaya kan gyaran.

A intabiyun da na yi da wani kamfani na Legas, ba a ko buɗe satifiket ɗina ba. Cinikin nan da ya shiga sau biyu muka yi ta tattaunawa har lokaci ya ƙare. Aikin farko da suka ba ni shi ne hana na'urar POS cirar kuɗin mutum sau biyu idan sabis ya yanke.