Yau na dafa girits, ashe tsaki ne

Asabar, ƙarfe goma da wani abu na dare. Yara sun yi barci, Abbansu na falo yana waya da mutanen gida, ni kuma nace bari in rubuta wannan kafin barci ya ɗauke ni, don yau dai Allah ya yi na dafa girits ɗin nan da mutanen jihar Jojiya ta Amurka suke ji da shi, kuma ya fito yadda nake so, Alhamdulillah.

Mun kusa shekara biyu a Atlanta amma sai watan jiya na san mene ne shi. Ina ganin sunan a takardar abinci ta gidan cin abincin Waffle House, ina ganin mutane da sassafe suna shan wani farin abu a ƙaramin kwano da bota a sama tana narkewa, ni duk zatona wani irin kunun shinkafa ne. Ranar da maƙwabciyata ta zazzago min ɗanyensa a tafin hannu na murza sai da nace ikon Allah, wannan ai tsaki ne! Tsakin masara sak, irin wanda Umma take aikenmu inji a Zariya a ɓarzo mana, a dawo a tankaɗe, gari gefe na tuwo, tsaki gefe na fate ko dambu. Na daɗe tsaye da shi a hannu ban ce komai ba.

Satin da ya wuce na gwada ni kaɗai bai yi ba. Na sayo irin na gaggawa mai minti 5, na zuba shi gaba ɗaya a tafasasshen ruwa ya yi gudaji, na kuma juye cuku tukunya na kan wuta sai ya tsinke, mai ya taso sama, ƙasa kuma ya kama. Raina ya ɓaci sosai, ba na son ɓarnar abinci. Shi ne na ba maƙwabciyar tawa labari tace in bari sai Asabar za ta shigo mu yi tare.

Dattijuwa ce baƙar fata, ta haura saba'in, asalinta daga gaɓar tekun Karolina ta Kudu, Mama nake ce mata ita kuma tace min 'yata. Ƙarfe takwas ta ƙwanƙwasa, garin da sanyi irin na Janairu, ta shigo da 'yar jakar takarda mai sanyi ƙalau don daga firiza ta ciro ta. Tace wannan niƙan dutse ne, ba a cire masa ƙwayar cikin masarar ba, shi ya sa yake da mai kuma in ka bar shi a waje zai yi wari, amma shi ne mai ƙanshin masara na gaske. Abu na farko da ta sa ni yi shi ne in zuba kofi ɗaya a kwano in tsiyaya masa ruwa, dusa ta taso sama in tsiyaye. Nace Mama ai wannan tun ina 'yar shekara tara nake yi, tayi dariya tace toh ashe na samu wadda ta san hannu.

Ga yadda muka auna, ina rubutawa don kaina. Tsaki kofi 1, ruwa kofi 2, madara kofi 2, wato ruwa-ruwan ya ninka tsakin sau huɗu. Gishiri tun farko ake sa shi a ruwan, tace in ka bari sai ƙarshe ba ya shiga jikinsa. Da ya fara tafasa sai ta miƙo min maburgin ƙarfe tace da hannun hagu ki dinga barbaɗawa kaɗan-kaɗan, da dama kina burgawa kar ki tsaya, kamar dai yadda muke talge. Ko gudaji ɗaya ban gani ba. Daga nan aka mayar da wuta can ƙasa, aka rufe, sai jira.

Jiran nan shi ne duk aikin, kuma shi ne abin da na kasa ganewa wancan satin. Ni na ɗauka cuku da bota ne suke sa shi santsi, ashe ba haka ba ne, tun kafin mu sa komai na ga abin da idona. Minti goma na farko in ka ɗebo a cokali ruwa daban tsaki daban, yana garas-garas a haƙori. Wajen minti ashirin da biyar ya fara kumbura yana huci, bul, bul, a hankali, har ɗigo ɗaya ya fallatso min a bayan hannu, yanzu haka wurin ja ne. Bayan kowane minti huɗu ko biyar sai in buɗe in bi ƙasan tukunyar da muciya don kar ya yi ƙanzo, sau biyu ya nemi yin kauri muka ƙara ruwan zafi kaɗan. Da muka kai minti arba'in da biyar sai ga shi ya haɗe jikinsa, yana zuba daga muciya a hankali lugwi-lugwi kamar an sa masa kirim alhali babu. Sitacin masarar ne da kansa ya saki. Ƙanshin da ya cika kicin ɗin kuwa na gidanmu ne da hantsi, wallahi har sai da idona ya kawo ruwa na juya ina wanke cokalin da ba datti a jikinsa.

Muna jira Mama tana ba ni labari. Tace asalin abincin na mutanen Muskogi ne, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, su ne masu masara, daga baya ya zama abincin kowa a Kudancin Amurka, kakanninta da aka kawo bauta ma masara ce yawan abin da ake auna musu. A wajensu bakin teku da jatan lande ake cinsa, karin kumallon masunta ne kafin ya shiga manyan gidajen abinci na birnin Charleston. Nan Jojiya kuma tun 2002 suka sa shi a doka a matsayin dafaffen abincin jiha. Nayi ta tunani, mu a gida in an ce tsaki wasu har raina shi suke, wai abincin mai ƙaramin ƙarfi, ko kuma na kaji, ni dai ban taɓa yarda da wannan ba don faten tsakin Umma da yakuwa da gyaɗa ba na haɗa shi da kowace shinkafa.

Sai da muka sauke tukunyar daga wuta gaba ɗaya sannan aka sa bota cokali uku, sai cukun cheda mai ɗan kaifi wajen kofi ɗaya da rabi, ni na goga shi da kaina a magogi don tace wanda ake sayarwa a goge ana barbaɗa masa wani gari don kar ya manne, ba ya narkewa da kyau. Hannu ɗaya-ɗaya ake zubawa, wannan ya narke sannan a ƙara. Sai masoro kaɗan. Su wasu suna sa man naman alade, ita ta san mu tun tuni, ko zancen ba ta kawo ba. Na tambaye ta sukari fa, don na ji wasu na sawa, ta girgiza kai tace ba dai a tukunyarta ba.

Na soya ƙwai da albasa da attaruhu muka zauna. Babbar ta cinye ta ƙara, autan ya ɗanɗana yace tuwo ne mai cuku, ina miya? Abbansu kuma ya ɗauko yajin da aka aiko mana daga gida ya barbaɗa, Mama tace a sam mata, ta ci tana tari tana cewa a ƙara mata kaɗan.

Wajen sha biyun rana na kira Umma ta WhatsApp, su can magariba ta kusa, na nuna mata ragowar a tukunya. Ta ƙura ido tace ke yanzu madara kika zuba wa tsaki? Nace eh Umma, da cuku. Tace toh Allah ya amfana, amma ki rage min na fate a jakar nan kar ki ƙarar.

Ragowar na juye a faranti mai faɗi na sa a firij, ɗazu na leƙa ya daskare kamar tuwon jiya, Mama tace gobe in yanka in soya a bota. Sauran kofi biyu a jakar. Ran Laraba in Allah ya kai mu zan leƙa shagon Indiyawa in nemo yakuwa, su gongura suke ce mata, gyaɗa ina da ita, na riga na gaya wa Mama Asabar mai zuwa ita za ta zauna a kujera ni in riƙe muciya.