Tumatur ɗin Italiya a Kantin Kwari

Ni ke riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na atamfa da shadda a Kwari. Na saba in rubuta ayyukan rana a Google Keep, manhajar rubutu ta waya, layi bayan layi: "lissafin bashi", "kiran dila", "duba sito". In dare ya yi na buɗe waya, layukan suna nan yadda na bar su, ni kuwa na gaji tiɓis.

Wani abokina mai gyaran waya a Farm Centre ne ya ce in kwashe su in zuba a TickTick, wata manhajar tsara ayyuka, domin tana da agogon Pomodoro a ciki. Pomodoro tumatur ke nan da Italiyanci. Francesco Cirillo ne ya fito da tsarin a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da agogon kicin mai siffar tumatur: minti 25 aiki ɗaya tak, minti 5 hutu, in an yi zagaye 4 a huta sosai.

Kwafe layukan bai ɗauke ni minti biyu ba. Da na danna agogo a kan "lissafin bashi" ne asirina ya tonu. Na yi zagaye shida ban ga ƙarshensa ba, saboda abin da na kira aiki ɗaya ashe jakar magori ce: tattaro rasit, daidaita su da littafin kawu, ware waɗanda suka biya ta tiransifa, sannan a kira masu taurin bashi. Sai na koma na farfasa shi. Yanzu kowane layi yana faɗin abin da hannu zai yi da yawan zagayensa: "shigar da rasit ɗin Litinin, 1", "daidaita tiransifa da littafi, 2". Duk layin da na kasa sa masa lamba, to ban san abin da nake nufi da shi ba tukuna.

Inda Cirillo bai san Kano ba shi ne batun katsewa. A ƙa'idarsa, zagayen da aka katse ya lalace, a sake daga farko. To dattijo ya shigo ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali, in ce masa "Baba, ɗan dakata, saura minti tara"? Allah ya kiyaye. Ranar farko haka na yi ta soke zagaye har na daina ƙirgawa.

Shi ya sa na bar wa kasuwa tsakar ranarta. Ina yin zagaye uku da safe kafin layin shagonmu ya cika, biyu kuma bayan Azahar in an ɗan lafa. Dogon hutun ma ban ƙara saita shi ba, kiran salla ya isar.

Kawu dai har yanzu in ya ji wayar ta yi ƙara sai ya ɗago kai ya ce, "Tumatur ɗin naka ya nuna? To zo ka auna wa Hajiya yadi goma."