Matakala uku

Lahadin da ta wuce na miƙa rajista da mabuɗin akwatin zumuntar mata, bayan shekara 9 ina sakatariya, ina kuma koyar da ajin manya a makarantar Lahadi. Waɗanda muke sujada tare a nan Sakkwato sun ji labarin, amma ba daga bakina ba.

Watan Afrilu ne, ana tsananin zafi. Motar fasto ta lalace a hanyar Gusau, mai bishara kuma yana kwance da zazzaɓi. An gama waƙoƙi, an karɓi baiko, jama'a na ta fifita da takardar sanarwa. Sai wani dattijo ya matso ya raɗa mini, "Malama, ki ɗan ƙarfafa jama'a." Na ɗauki Littafi Mai Tsarki na hau matakala ukun nan na mumbarin wa'azi, don a can makirfo yake. Minti 20 na yi a kan ɓatacciyar tunkiya, Luka 15.

Ran Laraba aka kira ni gaban dattawa. Shi wannan dattijon ne ya buɗe 1 Timoti 2:12 ya karanta, ya ƙara da 1 Korantiyawa 14:34, ayoyin da ke cewa kada mace ta koyar, ta yi shiru a majami'a, bai ko ɗago ya dube ni ba. Na ce, "Baba, ai kai ka ce in tashi." Ya ce, "Ƙarfafawa na ce, 'yata, ban ce wa'azi ba. Kuma a ƙasa ake tsayawa." Aka sa ni horo na wata 3, ba cin Jibin Ubangiji.

Kuskurena a wannan zaman ne, kuma har yau yana ci mini rai. Zuciya ta ɗebe ni, na shiga jero ayoyi kamar mai jifa. Manzo Bulus ɗin nan da ya rubuta ayoyin da aka karanta mini, a 1 Korantiyawa 11:5, ya yi maganar mace mai addu'a da annabci. Filibus yana da 'ya'ya mata 4 masu annabci. Da aka tsinci littafin Shari'a a zamanin sarki Yosiya, wurin Hulda firist Hilkiya ya je neman bayani. Biriskilla da mijinta suka zaunar da Afolos suka gyara masa koyarwa. Ba wadda na ƙirƙira, amma da ɗaga murya na faɗe su, sai dattawa biyu da suka fara tausaya mini suka sunkuyar da kai. Na so in ci gardama, na rasa masu goyon bayana.

Na san maganar tana da nauyi. Katolika da Anglika a Nijeriya ba sa naɗa mace firist, wasu majami'un Fentikos kuwa mata ne ke jagorantarsu, kowa da ayarsa. Ni ban nemi naɗi ba. Abin da ya fi mini ciwo, a garin Nana Asma'u muke, wadda ta rasu a 1864 bayan ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, maƙwabtanmu Musulmi har gobe suna alfahari da ita. Mu kuwa muna auna matakala.

Ga wadda za ta gaje ni: idan an sa ki aiki a raɗa, ki nemi a maimaita a gaban shaida. Ki tambayi inda za ki tsaya. Kada ki shiga zaman dattawa ke kaɗai.

Mata 14 sun koyi karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a ajina, cikinsu har da matar dattijon. Ita ta karɓi mabuɗin daga hannuna, ta riƙe yatsuna ta daɗe ba ta saki ba.