Abin da aikin gyaran kwamfuta ya koyar game da System Restore da cikar faifai

Mutane da yawa suna zaton duk lokacin da Windows ta ajiye zangon komawa baya (restore point), wato yanayin da System Restore ke mayar da kwamfuta gare shi idan ta samu matsala, kwafin komai take yi. Ba haka abin yake ba. Tun daga Windows Vista, manhajar Volume Shadow Copy ce ke wannan aiki, kuma a lokacin da aka ɗauki zangon kusan ba ya cin komai. Sai an zo rubuta sabon abu a kan wani sashe na faifai, sannan ta ɗebe tsohon abin da ke wurin, gutsure-gutsure na KB 16, ta adana shi a ɓoyayyiyar folda mai suna System Volume Information.

Darasi mafi girma ke nan: abin da ke cinye fili shi ne yawan rubutun da aka yi bayan ɗaukar zangon, ba yawan zangunan ba. Kwamfutar da aka yi wa babban sabuntawa, ko aka goge finafinai aka zuba wasu a gurbinsu, za ta iya tara gigabait da dama da zango biyu kacal. Abin haushin, System Restore ba ya dawo da takardu ko hotunan mutum, amma a Vista da Windows 7 sauye-sauyensu suna shiga wannan ma'aji, domin hoton faifan gaba ɗaya ake ɗauka.

Don ganin gaskiyar lissafi, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta vssadmin list shadowstorage. Zai nuna abin da aka ci, abin da aka keɓe, da iyaka. A Windows XP iyakar asali kashi 12 cikin 100 na girman faifai ce, Vista ta kai 15, Windows 7 kuma ta rage zuwa kashi 5 ko GB 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a faifan da ya wuce GB 64. Ana sauya ta da vssadmin resize shadowstorage /for=C: /on=C: /maxsize=10GB, ko ta sysdm.cpl, System Protection, sai Configure.

A nan ake yin ɓarna. Idan aka rage iyakar ƙasa da abin da ke ciki, tsofaffin zanguna za su tafi nan take ba tare da tambaya ba. Haka kuma idan ma'ajin ya cika, zango mafi tsufa ake fara sharewa, wanda sau da yawa shi ne lafiyayyen da ake buƙata. Event Viewer, wato kundin abubuwan da suka faru a Windows, yana nuna wannan a ƙarƙashin sunan volsnap. Saboda haka a kan SSD mai GB 128, GB 5 zuwa 8 ya fi kashe tsarin baki ɗaya hikima.

Tun sabuntawar Yuni 2025, Windows 11 24H2 ba ta riƙe zango fiye da kwana 60. Kuma duk yana kan faifai guda ne: in faifan ya mutu, sun tafi tare.