Sanyin Jos da mariƙan makulli 30

Laraba da daddare.

Ina idar da sallar asuba na nufi ɗakin baya in duba mariƙan makullin rezin (wani ruwa mai sandarewa kamar gilashi) da na zuba a mazubi jiya, guda 30 na rabon bikin ƙawata ranar Asabar. Ina taɓa na farko yatsana ya manne kamar na dangwali alewar da ta sha rana. Awa 16 da zubawa, har yanzu danƙo.

Umma ta leƙo da kofin kununta, ta ce, "Ke 'yar nan, man shanu ma ya daskare a sanyin nan, shi wannan ruwan naki me yake jira?" Dariya ta kama ni duk da takaicin. Ai nan gizo ke saƙa: rezin ba bushewa yake yi ba. Ruwa biyu ne ake haɗawa, su yi aiki a junansu har su sandare, kuma aikin yana son ɗumi, kamar digiri 21 zuwa 25. Daren Jos a Janairu kuwa yakan sauka ƙasa da 15, ga ɗakin bayanmu ko silin babu. Sanyi yakan sa ruwan ya yi kauri kamar zuma, ya riƙe kumfa, ya yi ta jan ƙafa.

Na kwaso su na kai ɗakin Umma, wanda ya fi ko'ina ɗumi. Kafin la'asar guda 20 sun yi ƙarfi. Sauran goman ko gezau.

Waɗannan ba laifin hunturu ba ne, nawa ne. Su ne zubi na biyu, bayan an ɗauke wuta. A jikin kwalbar rezin an rubuta ɗaya bisa ɗaya, wato a auna ruwan biyu daidai wa daida, ni kuma na auna da ido a hasken waya, na motsa sama-sama, sannan na zabga shuɗin kala don ya fito da kyau. Idan awo ya kuskure ko kala ta yi yawa, ko mako za a jira ba zai kama ba. Haka na sa safar hannu na kwakule su daga mazubin silikon, ina yi ina lissafin kuɗina.

Bayan magariba na sake lale, wannan karon a natse. Na tsoma kwalaben biyu a ruwan ɗumi na minti goma, murfinsu a rufe gam, na goge su tas, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa aikin ya yi hazo. Na auna da sirinji. Na motsa a hankali har minti huɗu ina kankare gefe da gindin kofin, na juye a wani kofin na ƙara motsawa. Kala ɗigo biyu kacal. Kumfar da ta ɓuya a lungun haruffa na tsokano ta da tsinken sakace, ta sama kuma na wuce mata da laita, wuf. Ba a daɗewa da wutar. Na taɓa ƙona mazubi guda a haka, rezin ya manne masa har yau.

Saura ƙura. Ko taga a rufe take sai ta sami hanya, kuma duk abin da ya faɗa kan ɗanyen rezin ya zauna ke nan. Na kife kwalin taliya a kai, na rubuta "KADA A TAƁA" saboda autanmu, wanda ya riga ya bar mini tambarin yatsa a kan harafin amarya.

Ita kuma amaryar ta kira tana tambayar kaya. Na ce mata, "Ƙawas, kwantar da hankalinki, Juma'a suna hannunki." Abin da ya rage a kwalba bai kai na zubi ɗaya ba, shi ya sa na leƙa kwalin nan sau uku tun isha'i, har Umma ta ce in fita mata daga ɗaki za ta kwanta.