Saƙon da na tsallake da F1, da filashin da ba nawa ba

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in na tuna layin nan guda da na rubuta a baƙin allo sai gabana ya faɗi. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, Zariya, kuma duk wanda ya san harkar ya san lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke miƙa furojet shi ne kakarmu. A tsakiyar wannan kaka babbar kwamfutar shagon, ta tebur, wadda na saya 'yar gwanjo, ta ƙi tashi.

Da safen da na kunna ta, wani rubutu fari ya fito a kan baƙin allo, a ƙasansa an ce in danna F1 don a ci gaba. Mutum biyu na tsaye a kaina suna jira, na danna ban karanta ba. Daga nan sai shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ta mutu ta sake tashi, sai "Preparing Automatic Repair", wato gyaran kai-da-kai, sai ta ce ta kasa gyarawa. In kashe in kunna, mu koma gidan jiya. Kowane zagaye sai wannan saƙo na F1 ya fito, kowane zagaye sai na tsallake shi. Na yi haka ya fi sau ashirin a yini ɗaya.

Abubuwan da kowa ke gwadawa na gwada su. System Restore bai samu abin komawa ba. Na shiga Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na gano Windows ɗina a can ta koma D maimakon C, na sa chkdsk, mai duba lafiyar rumbun ajiya, ya yi awanninsa bai ga matsala ba. Da na zo kan bootrec /fixboot, umarnin gyaran tashi, sai ta ce "Access is denied". Wannan amsa ita ta ja ni zuwa ramin, domin duk bayanin da na duba a waya ya ce mafita ita ce a goge ɗan ƙaramin ɓangaren rumbu mai ɗauke da fayilolin tashi, wanda ake kira EFI, a sake gina shi da umarnin bcdboot.

Lokacin an yi sallar isha'i, man janareto ya kusa ƙarewa, kaina ya yi zafi. Na buɗe diskpart, manhajar sarrafa ɓangarorin rumbu, na rubuta list vol don ta jero mini su. An ce in nemi ɓangaren da tsarin ajiyarsa FAT32 ne. Idona ya sauka kan FAT32 na farko, na zaɓe shi, na ba shi harafin V, na yi masa fomatin na gaggawa, na bi da bcdboot. Komai ya ce an yi nasara. Na sake kunnawa, shuɗin allon nan ya dawo kamar ban taɓa komai ba.

Sai da na koma list vol na duba da kyau na ga abin da na aikata. FAT32 biyu ne a jerin. Ɗaya ɗan ƙarami ne, 100 MB, shi ne wanda ake nufi. Ɗayan kuwa 14 GB ne, a gefensa an rubuta Removable ɓaro-ɓaro. Filashi ne, a maƙale a bayan kwamfutar tun daren jiya. Na wata ɗaliba ne da ta bar mini in buga mata babi huɗu na aikinta, ta ce za ta zo ta karɓa jibi. Shi na goge. Ban tsaya nan ba, bcdboot ɗin da na bi da shi ya zuba sababbin fayiloli a kan wurin da aikinta yake.

Daren nan ban runtsa ba. In kayana ne da sauƙi, amma wannan amana ce aka ba ni.

Da gari ya waye na ɗauki akwatin kwamfutar a Keke Napep zuwa wurin wani dattijon mai gyara da nake girmamawa. Ya jona, ya kunna, saƙon nan ya fito, na kai hannu zan danna F1 kamar yadda na saba, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya mana, ɗana. Ka karanta abin da take faɗa maka?" Na ce a'a, Baba. Saƙon cewa yake agogo da kwanan wata ba su daidai, a shiga saiti a gyara. Ya danna F2, muka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na tushe da ke tashi kafin Windows, ga kwanan wata ya koma shekaru baya. Ya gangara wurin saitin SATA, inda ake zaɓar hanyar da kwamfuta ke magana da rumbunta, RAID ko AHCI, ya nuna mini da yatsa: RAID. Ya mayar da shi AHCI, ya adana, kwamfuta ta tashi lafiya lau har kan hoton da ke fuskarta. Ko minti biyar ba a yi ba.

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina. A jikin babban allon cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Nawa ya mutu, da aka ɗauke wuta da dare sai saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ita kuwa Windows ɗin an ɗora ta ne lokacin da saitin ke AHCI, don haka da ta farka ta tarar da RAID sai ta rasa hanyar da za ta bi ta kai ga rumbun da take zaune a ciki. Gyaran kai-da-kai kuma fayilolin Windows yake dubawa, ba ya taɓa BIOS, shi ya sa zai yi ta zagaye har abada. Fayilolin tashi da na kwana ina yaƙi da su lafiyarsu ƙalau tun farko. Sabon batirin bai kai kuɗin farantin shinkafa ba.

Saura filashi. Na kira ta kafin ta ji a wani wuri, na ce, "Malama, don Allah ki yi haƙuri, na yi miki ɓarna, kuma laifina ne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaya ko babi na huɗu na nan, domin shi kaɗai ne ba ta da kwafinsa a waya. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Fomatin na gaggawa ba ya share ainihin bayanan, jerin sunayen kawai yake sabuntawa, muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Da manhajar PhotoRec, wadda kyauta ce, na ciro fayiloli masu yawa, sai dai ba ta dawo da suna, lambobi kawai take ba su, sai da na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babi uku sun fito cif. Na huɗu ya ƙi buɗewa, kuma ina kyautata zaton shi fayilolin bcdboot suka hau. Allah ya taimake mu tana da tsohon bugu a takarda mai gyaran jan biro na malaminta. Dare biyu na yi ina sake buga shi, har da jadawalai goma sha ɗaya na alƙaluma, tana zaune da rana muna bin su lamba bayan lamba. Ban karɓi ko sisi ba, har kuɗin bugawa da ɗaurin littafin.

Yanzu duk kwamfutar da ta shiga wannan zagaye a hannuna, kafin komai sai na zagaya bayanta na zare duk abin da ke maƙale. Sannan in shiga BIOS in dubi kwanan wata. In zan buɗe Command Prompt, notepad nake fara rubutawa, domin ta wurin File da Open mutum zai ga fayilolinsa ya kwashe su zuwa wani filashi nasa na kansa, sannan ya zare shi. A diskpart kuma girman ɓangare nake karantawa da babbar murya kafin in zaɓa, ko da akwai mutane a shagon.

Ta miƙa aikinta ranar Litinin da ta wuce. Da ta zo karɓar littattafan na mayar mata da filashinta, na haɗa mata da wani sabo da na zuba babi huɗun a ciki.