Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dodannin Ajina

A makon jiya mun tsaya a inda aka damƙa mini ajin 'yan shekara 4 zuwa 5, aka ce har da darasin zane, ni kuwa ko kaza ban iya zanawa ba. Littattafan yara masu hotuna su suka rufa mini asiri.

Nakan karanta musu labarin dodo ina juya shafi a hankali, ina tambaya: "Ƙahonsa nawa? Wannan jela ta wace dabba ce?" Da mun gama sai in rufe littafin in ɗora shi can saman kabad, in ce kowa ya zana nasa dodon. Muddin yana buɗe kwaikwayo za su yi, wanda abin ya gagara kuma ya ture takarda ya ce, "Malama, ni ban iya ba." Amma dodon da ba a taɓa gani ba, wa zai ce ba haka yake ba?

Yaro a shekarun nan idan zai zana mutum, da'ira yake yi, ya sa idanu, ƙafafu su fito daga kai, ba wuya ba ciki. Iyaye kan damu, alhali mataki ne da yawancin yara ke bi. A wurin dodo ma ado ne.

Wasan da ya fi karɓuwa shi ne na ninke takarda gida uku, wanda wasu masu zane suka yi fice da shi a Paris wajen 1925. Na farko ya zana kai, ya zarce da layin wuya kaɗan, ya ninke. Na biyu ya yi gangar jiki bai ga kan ba, na uku ƙafafu. Idan aka buɗe, ga kan kifi, cikin giwa, ƙafafun zakara. Ihu har ajin maƙwabta!

Ba na tambayar "Mene ne wannan?" Cewa nake, "Ba ni labarinsa." Wata yarinya da ko sunanta da ƙyar take amsawa ta cika fuskar nata dodon da idanu, ta danne alli mai launi har ya karye. Ta nuna ɗaya da ta ja masa layi ta ce, "Malama, wannan barci yake, sauran suna gadi." Ranar ta yi surutu har aka tashi.

Ana haka, wata safiya sai ga mahaifin wani yaro a bakin ƙofa, zanen ɗansa a hannu, fuska a murtuke. Abin da ya kawo shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.